Tabon da ke jikin Auta

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya ke da maigida da yara, Allah Ya ƙara miki sauƙin ciwon gwiwar nan. Mu nan muna lafiya, sai dai 'yata Auta, kuma a kanta nake rubuto miki, domin kaina ya kulle.

Kin san tun bayan aikin zuciyar da aka yi mata tana jaririya likitoci suka ce an haife ta da wata larura ta ƙwayoyin halitta wadda ba kasafai ake gani ba. Watanni uku da suka wuce na ga shuɗin tabo a cinyoyinta da bayanta. Kin san halina, na bar keken ɗinkina na tafi makarantarsu, na wanke malamarsu tas a gaban yara. Ashe baiwar Allah ko taɓa ta ba ta yi ba. A asibiti aka ce jikin Auta ne ke cinye ƙwayoyin da ke tsayar da jini. Har yau kunyar matar nan nake ji.

An ba ta magani, fuskarta ta kumbura, tana ci kamar gara, ƙwayoyin jinin suka ƙaru. Ana rage maganin suka sake zubewa. Yanzu likitan jini ya ce garkuwar jikinta ta yi ƙarfi har tana cin na gida, a cire mata saifa. Likitar da ke ƙofar gaba da tasa ta ce garkuwar ba ta da ƙarfi tun asali, in aka cire saifa ɗan zazzaɓi ma zai iya kayar da ita. To wanne ne, ƙarfi ko rauni? Sun ce duka biyun. Babanta ya ce in zaɓa, ni kuwa tsoro nake ji. Ranar Alhamis za mu ba su amsa.

Kafin mu bar asibitin likitar ta tambaya ko an taɓa yin mai irin wannan a danginmu. Na ce a'a. Sai a hanyar gida na tuna ƙanenmu da ya rasu yana shekara biyu, da yadda Inna ta ga tabo a jikinsa ta ce ke kika yar da shi daga goyo. Yaya, a ina tabon yake? Yana haɓo? Ki daure ki tuna, ki ba ni amsa kafin Alhamis. Ban sani ba ko zai taimaki Auta. Amma in irin nata ne, to shekara talatin kina ɗauke da laifin da ba ki yi ba.

Ki gaida maigida, da Gwaggo, da 'yan biyunki.

Taki,
Ƙanwarki mai ɗinki