Keken da Zai Iya Ɗaukata

Litinin, 5 ga Satumba, 1960
An ƙara mini Inkil cikin ƙauyukan da zan riƙa duba masu ciki. Sistar asibitinmu ta ce ungozoma ba keke wahala ce kawai. Ta faɗa, ta dubi jikina, ta kau da kai. Na gani.

Alhamis, 8 ga Satumba
Na je kanti. Keken mata, kore, siriri kamar kara. Ina zama sirdi ya yi ƙara, tayar baya ta kwanta. Mai kanti ya hau tari na ƙarya don ya ɓoye dariya. Ko sallama ban yi masa ba.

Asabar, 10 ga Satumba
Maigidana, Baban Amos, ya kai ni wurin Baffa mai gyaran keke a Wunti. Shi bai yi dariya ba. "Maman Amos, na maza za ki saya, mai ƙarfe biyu da kaurin taya. Da irinsa ake dakon buhun gyaɗa." Buhun gyaɗa. To. Na ce yaya zan ɗaga ƙafa da zani? Ya sunkuyar da kai, wai wannan ba fanninsa ba ne.

Lahadi, 11 ga Satumba
Ina zaune a coci amma ban ji wa'azi ba. Bakin matan zumunta kawai nake tunani.

Laraba, 14 ga Satumba
Inkil a ƙasa, cikin taɓo. Kafin in isa, wata Habibatu ta haihu ita kaɗai, jini ya ƙi tsayawa. Da ƙyar ya tsaya. Da na ƙara jinkiri kaɗan... ba zan rubuta ba.

Alhamis, 15 ga Satumba
Na sayi na mazan. Na ɗinka wando na sawa a ƙarƙashin zani. Allah ka rufa asiri.

Talata, 20 ga Satumba
Ina koyon hawa, Baban Amos na riƙe da kariyar keken ta baya, duk da haka na faɗi. 'Yan makaranta masu koyon macin 'yancin kai suka tsaya cak suna kallo. Gwiwa ta kuje. Keken ko kwarzane. In na faɗi a hanya ni kaɗai fa, wa zai ɗaga ni?

Litinin, 3 ga Oktoba
Inkil a keke, ni kaɗai. Hannuna ya ƙage saboda matse birki. A dawowa na zaga ta Ƙofar Ran. Na ce wa Baban Amos hanyar ta fi kyau.
Ba ta fi ba. Ta dai fi tsawo, ni kuwa ban ƙoshi da tuƙi ba.