Amanar da Aka Ba Ƙasar Kalat

Ya Sarbaland, rumman na lambuna, ruwan kogin Argandab mai sanyi a tsakiyar bazara, inuwar da ban taɓa samun wata guda cur a ƙarƙashinta ba! Ka ji na kira sunanka gatsau? Kana raye ban taɓa yi ba, kunya ta hana. Yanzu haƙora sun zube, kunyar ma ta bi su. Da ɗan baƙin da babana liman ya koya mini nake rubuta maka, in ya karkace ka yi haƙuri. Ni ma na yi haƙuri da abubuwa da yawa.

Mutanen Kandahar har yau Janar suke ce maka. Ni kuwa na san ka tun kana yaron barga kana warin kashin doki. Ka hau katangar Herat aka ba ka takobi, ka kama igwa biyu a Gazni aka naɗa ka janar, ni me aka ba ni? Rigunanka masu jini in wanke. Da tsohon sarki ya rasu 'ya'yansa suka hau yanka juna kan gadon mulki, ka bi wannan, ka dawo ka bi wancan, kowanne ka rantse masa da Alƙur'ani. Su 'yan uba ɗaya ne, ƙarshenta sun zauna sun ci shinkafar pilau a faranti guda. Kai fa, zakina? Kai ina ka zauna?

Ka tuna ranar da ka same ni a ɗakin shanya inabi? Rana na shigowa ta hujojin bango, ka cire takalmin yaƙi ka zauna a ƙasa kamar mutumin kirki. Ka fasa rumman a gwiwa, ruwan ya fantsama a farar rigarka. Na ce, "Kai da jini dai, ko a gida!" Ka yi dariya har haƙorin nan da doki ya fasa maka ya fito. Ka ce, "Zarguna, in an gama wannan yaƙin, ni da ke da inabi kawai." Ban gama ɓare ɗayan rumman ɗin ba wani soja ya yi sallama a ƙofa. Wayyo ni! Ka tashi ka sa takalmi.

Da ka faɗi a yaƙin Kalat cikin sanyin hunturu, aka ce mini an binne ka a bakin hanya, wani liman ya gaya wa ƙasa amana ce aka ba ta, ta riƙe kafin a zo a ɗauke ka zuwa gida. Waɗanda suka ci yaƙin suka hana. Da suka sauka daga mulki, wani yaƙin ya zo. Da ya wuce, ɗanka Toryalai ya ce sai baɗi, sai baɗi, har gemunsa ya yi furfura. Bana ƙafafuna suka fara kumbura. Haka na uwata suka yi kafin ta rasu, na san abin da ke tafe. Na ce masa, "Toryalai, na kwana ni kaɗai shekara talatin a kan gado, ba zan kwana ni kaɗai a kabari ba. Ɗaura wa jaki sirdi."

An ce ƙasa ba ta cin amana. Ƙarya ne, hasken idona, ta ci ta siɗe hannu.

Da muka isa Kalat, dattijon ƙauyen da ke kusa, Baz Muhammad, shi ya nuna mana wurin, yana ta sosa ƙeya. Sai da aka yi nisa da tono ya ce, "Iya, a yafe mana. Ranar nan ƙasa ta daskare kamar dutse, rami ɗaya muka iya haƙawa. Mutum uku muka sa: Janar, da wani sojansa, da wani na ɗaya ɓangaren da muka tsinta kusa da shi." Na ce ba komai, ni na san mijina, da fasasshen haƙorinsa zan gane shi. Na durƙusa na duba. Kawuna uku, babu mai haƙorin kirki ko ɗaya. Haƙarƙari ya shiga haƙarƙari, ƙafa ta hau ƙafa. Ina takobin? Ina rawanin? Ina faɗin ƙirjin da nake ɗora kai? Na juya wannan, na juya wancan, na kira ka a hankali. Ko a nan ba ka amsa ba.

Toryalai ya ce a mayar da ƙasa mu tafi. Na ce a kwashe duka. Ya zaro ido ya ce, "Haba Inna! Wataƙila ɗayan nan shi ya harbe Baba. Maƙiyi za mu kai maƙabartar kakanni?" Na ce, "To sarkin sani, nuna min shi in bar shi. Ubanka ma da ya yi yaƙi a ɓangare biyu, wanne ne maƙiyinsa?" Ni da hannuna na naɗe ku a mayafina.

Ga ku nan a soro cikin likkafani guda. Gobe bayan Azahar za a sa ku gefen wurin da na ce a ajiye mini, kuma takardar nan a ciki zan cusa ta. In kai ne ka same ta, ka karanta. In ɗayansu ne, don Allah ɗan samari, miƙa wa Janar. Uwayenku ma sun jira, na sani, ba wanda ya kai musu ko ƙashi ɗaya.

Ya tauraron da ya fito mini sau ɗaya ya shige gajimare! Kana raye ban taɓa samun ka kai kaɗai ba, kullum da soja a bakin ƙofa. Ashe a mace ma haka zan karɓe ka. To na karɓa. Abu ɗaya nake roƙo: in na iso, ka ce su matsa, kuma kada ka sa takalmi.

Ban kalli wani ba tun da ka fita, ba kuma zan fara a lahira ba.

Matarka, jiya da yau da ranar tashi,
Zarguna