Waƙoƙin Maigandi Ashirin da Uku

Juma'a, 1 ga Nuwamba, 2024

Yau nih hita takaba. Wata huɗu da kwana goma da rasuwar Maigandi. Anka yi mini kitso da lalle, mata sunka cika gida suna barka. Ni dai ina zaune, hannu cikin leda. Ban ji komi ba, ko daɗi ko rashinai.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Na ɗauko 'yar emfi tai ta jin waƙa, wadda ba ta wuce akwatin ashana ba. Waƙoƙin noma ashirin da uku ka ciki, waɗanda yakan yi wurin gayya nan Lahodu, ni ka riƙe mai ita shina rerawa. Ranar sadakar bakwai nib ba ƙanenai Haliru ita, ya kai Wurno a sa mini karatun Alƙur'ani, tunda ba a san mai takaba da jin kiɗi ba. Duk watannin ga karatu da wa'azi nika ji. Ban taɓa leƙa wurin waƙoƙin ba, ina tattalin su sai na hita.

Yau nil leƙa. Babu ko ɗaya.

Na kashe, na kunna. Na sa caji har ta cika, na sake dubawa. Sai nit tashi nid dama hura.

Litinin, 4 ga Nuwamba

Mun tahi Wurno da Haliru, shagon mai tura waƙoƙi. Mai shagon yac ce da ya jona ta ga kwamfuta tai, wata tambaya ta hito da Turanci, shi ko ya danna kamar yadda ya saba. Ashe izini taka nema ta share abin da ka ciki ta zuba nata. Wai mi ya hana a gaya mai akwai ajiya?

Haliru ya sunkuyar da kai. Kunya yaj ji, mutum kwana bakwai cikin ƙasa, a tsaya bakin kasuwa ana zancen kiɗinai.

Mai shago yac ce zai cika mini ita da sababbin waƙoƙi kyauta. Ji mini mutum. Nic ce ya bar su.

Kan hanya Haliru na tuƙa babur shina kuka. Nic ce mai ya dubi gabanai.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Inna Mairama, uwar Maigandi, ta aiko daga Rara. Tunda na hita, in kai mata muryar ɗanta ta ji. Idonta ya tahi, ko hotonai ba ta gani. Ashe ita ma lissahin kwanakina taka yi.

Nic ce a gaya mata cajar ta lalace.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Ba komi. Na share tsakar gida sau biyu.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Goronyo, wurin Mahbuba ɗiyar kawuna, mai aiki shagon kwamfuta. Tambayarta ta hwarko, an ƙara wani abu ciki bayan gogewar? Nic ce sau biyu Haliru ya kai anka ƙara wa'azi, har ta cika maƙil.

Taj juya emfin ga hannunta. Can tac ce abin da anka goge ba ya tahiya nan take, shina kwance har sai an ɗora wani bisa nai.

"Yaya, da satin da anka goge kin kawo ta, da duka sun dawo."

Wancan satin ko ƙohwar gida ba ni takawa. Na bar mata ita, za ta gwada.

Yunwa ban ji ba, amma na ci shinkahwarta don kada ta damu.

Talata, 12 ga Nuwamba

Mahbuba ta aiko da ita. Abu guda tas samu, daƙiƙa tara, kuma ba waƙa ba ce. Na sa ta cikin kwalla na rufe. Ban kunna ba.

Juma'a, 15 ga Nuwamba

Rara. Na gaya ma Inna gaskiya duka, har ƙaryar caja. Ba ta yi hwaɗa ba. Tac ce, "To ɗiyata, kunna abin da ya rage."

Abin sawa ga kunne, guda gare ta, guda gare ni. Iska ce ta hwara, da ƙarar galma, wani na dariya can nesa. Sai shi, kusa ƙwarai, shina haki:

"Salima, ta kama? In hwara?"

Shi ke nan. Nan ta yanke.

Inna tac ce in maido. Nim maido. Tac ce in ƙara. Ban san sau nawa ba. Can cikin wani karo da ya tambaya, sai nij ji an ce, "Hwara mana." Muryata ce. Inna tar riƙe wuyan hannuna, ba ta saki ba har anka kira la'asar.

Motar Wurno ta wuce ni, nan za ni kwana. Idona duk sun kumbura. Itacen Inna ɗanye na, hayaƙi gare shi.