Oba-oba a Motata

Asabar, bayan sallar isha'i.

Yau Malam Bala mai gyaran rediyo ya saka mini oba-oba a motar hayata. Da zai huda rufin ya kafa eriya, kau da kai na yi.

Muka fita wajen ƙauyen Indabo gwaji, na kira Yaya Sani a tasha. Kowa ya danne maɓallinsa muna ta zuba gaisuwa, ina gajiya, yaya iyali, ba mai jin wani. Malam Bala ya ce, "Saki mana, sai ka yi shiru za ka ji shi."

Na saki. Sai ga muryar Yaya raɗau, yana tambayar ciwon bayana. Rabon da in saurare shi har ya kai aya, wallahi na manta.