Rigunan Baibai

Ƙanwata,

Bayan gaisuwa da barka da sauka lafiya. Ranar Talata, huɗu ga Maris, 'yata ta rasu a gadon asibiti tana da shekara biyar, bayan ƙwayoyin cuta sun shiga jininta ta wani gyambo a ƙafa. Tun ranar ban yi wa kowa zancenta ba. Yanzu da na ji jaririnki ya zo da bororo a dugadugansa, shiru ya zama laifi.

Ciwon nata ne. Gadonsa ake yi, kuma fatar mai shi tana saluɓewa ko da ɗan guga kaɗan. Ki kai shi ga likitan fata. Kada kowa ya manna masa filasta. Kada a ɗauke shi ta hammata: hannu ɗaya ƙarƙashin mazaunai, ɗaya bayan wuya. Na aiko da kayanta, tun daga na jarirantaka. Za ki same su a baibai. Kada ki juya su, ɗinkin ciki ne ke yanka.

Ki huta lafiya.
Yayanki

Yaya,

Ina gaisuwa. Wasiƙarka sai ka ce takardar kotu, amma ta yi aiki! Ma'aikaciyar jinya ta yago filasta, na riƙe mata hannu. Ta ce, "Ke ce likitan ko ni?" Na ce, "Ni ce uwar."

Uwar mijina kuwa da ta ga rigar, cewa ta yi, "Haihuwa ta juya miki kai ne?" Ta juya masa ita daidai ina wanka. Kafin yamma sawun ɗinkin ya fito a kafaɗarsa, layi guda na bororo. Ta zauna ta yi kuka. Yanzu ita ke tare baƙi a bakin ƙofa: "Ku gani da ido, hannu a aljihu."

Likita ya ce in riƙa huda bororon. Har yanzu na kasa. Yaushe za ka zo?

Taka ƙanwa

Ƙanwata,

Ina amsa gaisuwa. Likita ya yi gaskiya. Bororon da aka bari faɗi yake ƙarawa. Allura sabuwa daga ledarta, ki tsiyaye ruwan, ki bar fatar saman ta rufe wurin. Ni ma da farko na kasa, daga baya na saba.

Yayanki

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Na daɗe ban rubuto ba, ɗanka ne ya hana ni zama. Mai-baibai, haka duk layinmu ke kiransa, ya taka! Daga kujera har gindin tebur, ƙafafu naɗe da bandeji kamar ɗan dambe. Na kwance bandejin na duba: ko ɗigon bororo babu. Shuɗiyar rigar nan ta cikin kayan da ka aiko ce a jikinsa. Ka tsallake tambayata, na lura.

Taka ƙanwa

Ƙanwata,

Alhamdu lillahi. Na karanta wa mahaifiyar 'yata wasiƙarki a tsaye, ta sa na maimaita. Shuɗiyar ita ce wadda 'yata ta fi so.

Ban tsallake tambayarki ba. Tun ranar Talatar nan ban ɗauki yaro ba. Na san yadda ake ɗaukarsa. Saura in zo in ɗauke shi.

Yayanki