Takardar da Ba Ta Ƙamshi

Zuwa ga Shamsiyya, hasken idona, furen badon da ya buɗe a fadamar zuciyata, sanyin ruwan randa ranar zafi! Amincin Allah ya lulluɓe ki, ke da 'yarmu Ummi.

Yau kwana goma sha tara da kika goya yarinyar nan kika hau mashin, kika bar ni a Auyo kika koma gidanku wajen Hajja a Haɗejiya. Laifina ne, ban musa ba. Tun da ƙaiƙayin fatar nan ya kama ta kika ce kada turare ya kusance ta, kuma na ji da kunnena. Amma na dawo daga masallacin Juma'a na sha turare har wuya, ta rugo da gudu, na sure ta na rungume. Kafin la'asar wuyanta da bayan gwiwoyinta sun yi jawur, tana susa har jini. Kallon da kika yi mini ranar nan har yanzu yana sukata.

To amma bari in fasa miki abin da ke cikina, ko da za ki yi mini dariya. Kishi nake yi, Shamsiyya! Kishi nake da gwangwanin man kaɗanya, wanda yatsunki ke ziyarta sau uku a rana, ni kuwa sai in wuni ban samu ko gaisuwarsu ba. Kishi nake da Malam Khalid na asibiti. Malam Khalid ya ce a yanke mata farce, Malam Khalid ya ce rigar auduga, Malam Khalid ya ce ban da sabulu mai ƙamshi! Yaushe rabon da ki maimaita maganata haka kamar karatun allo? Ga shi yanzu kina gari ɗaya da shi, ni ina nan ina korar tsuntsayen jan-baki daga shinkafa. Allah ya yafe mini, har Ummi ina kishinta, 'yar shekara uku, jinina. Wane irin uba ne wannan?

Kin tuna shekarar da ruwa ya cinye hanya, muka haɗu cikin kwale-kwale? Kina zaune a gaba riƙe da takalmanki, humrar da Hajja ke haɗa miki ta danne ƙarnin kifi da warin taɓo, har mai tuƙi ya manta gaɓar da zai nufa. Wannan ƙamshin na bi har ƙofar gidanku. Shi na aura, shi nake tararwa a zanin gado da bakin labule. Rana ɗaya kika kife kaskon turaren wuta, kika ba ƙanwarki kwalaben humra, ba ki ko waiwaye ni ba. Na ji kamar an raba ni da rabin matata.

Sai da gidan ya yi shiru na fara ganin abin da kike ɗauke da shi. Matan unguwa suna janye 'ya'yansu wai ƙazwa ce, ke kina bi gida-gida kina rantsuwa ba a ɗauka. 'Yar fari ce, amma kika ajiye kunya kika rungume ta a gaban kowa, ana gulmarki kina shafa mata mai. Ke da kika tashi cikin hayaƙin turare kika haƙura da shi saboda ita, ni kuwa na kasa haƙurin Juma'a guda.

Ki dawo, rabin raina. Turarena duk na raba wa abokai, kayana na wanke su da ruwa zalla har sau uku. Akwai kuma abin da ban faɗa wa kowa ba. Kin taɓa cewa tafin hannuna ya yi kaushi, lauje ya cinye shi, zai ƙuje mata fata. To gwangwanin da kika manta a kan taga, abokin gabar nan nawa, mun shirya. Safe da yamma nake shafa wa hannuwana, Modu maƙwabci yana ta tsokanata wai na zama amarya. Sun fara laushi. Ina so idan kin zo ki nuna mini inda ake shafa mata, ke ki zauna ki huta.

Duk takardar da na taɓa aiko miki sai na ɗiga mata turare. Sansana wannan ki ji. Kina iya miƙa wa Ummi ta yi wasa da ita.

Naki yau, naki gobe, naki har ranar da za a mayar da ni ƙasa,

Yunusa