Almakashin Yaya

Yaya,

Bayan gaisuwa, ya jikin Umma? Ga katin da ke kama intanet na ba direba, tunda na kwamfutarka ya mutu. Ka cire batir, ka kwance murfin baya, ka zare tsohon ka sa sabon. Akwai wasu siraran wayoyi biyu, baƙa da fara, ka danna kowacce a gurbinta har ta ce ƙas. A hankali don Allah. Na gaji da jin Umma tana cewa ba ta gane fuskata a ƙaramin gilashin wayar hannu.

Ƙanwarka,
Auta

Auta,

Muna lafiya, sai dai jikin Umma. Ba ta iya sauka daga gado yanzu, ɗinkin ma na kulle shagon. Na sa katin. Wayoyin nan ne suka ƙi shiga, na yi ta fama har idona ya yi ja. Sai na yi musu abin da nake wa zare in ya ƙi allura: na datse bakinsu da almakashi. Yanzu kwamfutar tana kamawa, amma sai na sauka ƙasa na tsaya a ƙofar mai kemis, inda na'urarsa ta intanet take. A ɗakin Umma ko ɗigo babu. Me na manta?

Yayanki

Yaya,

Ina gaisuwa. Wallahi da na karanta sai da na dafe kai. Bakin nan da ka datse shi ne maɓallin. Wayoyin kuma sun bi ta bayan gilashin kwamfutar, sai an ɓare shi duka an sauya su. Kada ka ƙara taɓa komai, tela. An hana ni hutu sai ƙarshen wata, na roƙa har na gaji. Ka ce wa Umma ta jira ni.

Auta

Auta,

Na gaya mata. Ta ce ba ta da tabbacin ƙarshen wata, likita ma bai musa ba.

Jiya na gwada goya ta zuwa ƙasa. Matakala ashirin da biyu ne, kuma ba ta da nauyi ko kaɗan, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Mai kemis ya ce zai ajiye mata kujera a ƙofa. Ta sa na goge mata mayafinta mai ruwan toka.

Ki kira ranar Asabar, ƙarfe huɗu. Ki zauna inda haske yake, ki matso da fuskarki sosai.

Allah ya kai mu.

Yayanki